Kunkurun Tela

Kwana tara ke nan kunkurun bai sa komai a bakinsa ba, kuma Auta ta gama gwada masa duk abin da mai hankali zai gwada. Latas, kabeji, gogaggen karas, kokwamba yanka-yanka, jan tumatir, har kankanar da ta sayo don kanta. Ta zuba masa a faranti, ta zuba a ƙasa, ta durƙusa ta miƙa masa a tafin hannu tana lallashi kamar mai ba jariri magani. Gogan naka sai ya dube ta da 'yan idanun nan nasa na tsohon alƙali, ya ja wuya a hankali ya shige ɗakinsa, ya bar ta durƙushe da ganye a hannu.

Kada sunan ya ruɗe ku, Auta ba yarinya ba ce. Shekararta hamsin da uku, da jika ɗaya, kuma ta fi shekara ashirin da biyar tana miƙa magani ta taga a wani babban asibiti, inda kowa ke ce mata Anti, har waɗanda suka girme ta. Wanda ya laƙaba mata Auta mahaifinta ne, tsohon tela, kuma sati biyu ke nan da aka binne shi.

Kunkurun gadonsa ne, in har ana kiran irin wannan gado. Ran da za ta baro garin, an gama zuba kaya a motar da ta ɗauko, sai ga mai wanki da guga, maƙwabcin shagon tsohon tun tana rarrafe, ya taho rungume da wani kwali mai huji-huji.

"Ga amanarki, Auta. Ke ya ce a ba."

"Mene ne a ciki, Kawu?"

"Abokin zamansa."

Ta ɗaga marfin, ta ga wani abu kamar tsohuwar ƙwarya a kife. Sai ƙwaryar ta motsa. Saura kaɗan ta saki kwalin.

"Baba yana da kunkuru? Tun yaushe?"

"An kwana biyu," in ji mai guga, yana duban takalminsa.

Yayanta, wanda jirginsa zai tashi da yamma kuma tun safe yake duban agogo, ya ce tunda ta ɗauki dabba sai ta haɗa da keken ɗinkin, shi ina zai kai ƙarfe? Haka aka ɗaure keken a bayan mota lulluɓe da tsohon bargo. Da suka iso ta sa direba da maigadi suka tura shi sito, can ƙarshen korido, ta ja ƙofar ta murɗa makulli. Ko bargon ba ta ɗaga ba.

Ba za ta iya ɗagawa ba, don a kunnenta keken nan shi ne muryar mahaifinta. Kullum ta Allah, ƙarfe bakwai saura minti ashirin, takan kira shi. Ranar aiki daga bakin titi tana jiran motar ma'aikata, ranar hutu daga kicin. Kuma kullum, tun kafin ya amsa sallama, sai ta ji keken a bayan muryarsa, kir-kir-kir-kir, ba ji ba gani.

"Baba, da sassafen nan har ka hau keke?"

"To zaman me zan yi? Aiki ya yi min yawa, Auta. Yaya naku aikin? Ana shan maganin kuwa, ko ajiyewa ake yi a ƙarƙashin matashi?"

Minti shida, minti bakwai, sai motar ta iso. Ta kashe waya hankalinta kwance, don tsohon da ke taka keke da sassafe ai lafiyarsa ƙalau. A kan wannan ƙarar ta yi ta ɗaga zuwanta daga wannan hutu zuwa wancan, har shekara huɗu suka shige ba ta taka garin ba. Tafiyar awa tara ce, ga aiki, ga hidimar 'yarta. Shi ma bai zo bikin 'yar ba, wai ɗinkin mutane ya riƙe shi, ta kuwa yi fushi da shi na sati guda cur, fushin da bai hana ta kira ba. Ni dai ba zan ɗora mata laifi ba. Duk mai tsoho a nesa ya san amsar da yake so ya ji in ya ce "Lafiya?" Ana nan a haka har safiyar da ta kira sau huɗu ba a ɗauka ba.

A rana ta biyar da zuwan kunkurun ta kai shi wurin likitan dabbobi, wata matashiya mai saurin magana. Ta juya shi, ta leƙa hancinsa, ta buɗe bakinsa da ɗan itace, ta ce ita ba ta ga ciwo ba.

"Sauyin wuri ne, Mama. Kunkuru ba ya son baƙon wuri. Ki samar masa lungu mai duhu da zai ɓuya. Ki riƙa fitar da shi hantsi ya sha ɗumi, don in jikinsa da sanyi ba zai ci ba. Kullum ki zaunar da shi a ruwa mai ɗumi na minti goma sha biyar, kada ruwan ya wuce haɓarsa. Kuma ki rage ɗaukarsa, ba mage ba ne. A can gidan me yake ci? Da wane lokaci? A wane wuri?"

"Ban sani ba," in ji Auta.

"Ki tambayi mai shi mana."

"Mai shi ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Ɗan'uwa ne?"

"Mahaifina ne."

Don ta kawar da zancen, likitar ta ɗora kunkurun a sikeli, ta ce Mama ta duba lambar ta riƙe a kai, za a gwada da ta gaba. Auta ta sunkuya, ta runtse idon hagu, ta karanta da na dama.

Wannan runtsewar ta zame mata jiki wata takwas ke nan. Yanar ido ce ta fara rufe na hagun, kamar an hura numfashi a madubi. Likitan ido na asibitinsu ya gaya mata tun tuni cewa aikin rabin awa ne, kowace Talata suna yin goma, sai dai ta zo da wanda zai mayar da ita gida ya zauna da ita kwana biyu ko uku. Wa ke nan? Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta tilo tana wani gari, ga goyo ga aikin koyarwa. Ta ce wa likitan sai an kwana biyu, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Duk abin da likitar dabbobin ta lissafa, Auta ta yi shi kamar yadda take so marasa lafiya su bi ƙa'idar magani. Ta kife kwali a bayan doguwar kujera ta yanka masa ƙofa. Ta riƙa shimfiɗa shi a baranda kafin ta fita, maigadi ya shigo da shi in rana ta yi zafi. Ta sayi ƙaramin baho, tana gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu. A cikin ruwan yakan tsoma kai ya ɗan kurɓa, shi ke nan. Ta kira mai guga ta tambaye shi.

"Kabeji yake ci, da latas," ya ce. "Ki yi haƙuri, zai ci."

"Kawu, na ba shi kabeji har gidan ya fara wari. Yaya Baba yake ba shi?"

"Kamar dai yadda ake ba dabba. Bari, Auta, na bar guga a kan rigar mutane."

Ya kashe. Mutumin da in ya kama hira sai an janye shi, yau shi ne mai sauri.

Abu ɗaya kawai kunkurun ke yi don ra'ayin kansa, kuma shi ne ya hana ta sakat. Ta fara lura da shi tun a rana ta uku. Tana tsaye a falo da jaka a kafaɗa, ta makara, sai hannunta ya shiga jakar da kansa ya ciro waya, yatsanta har ya kama hanyar lambar kafin ta tuna. A daidai lokacin ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, farata a kan tayil. Ta leƙa korido. Kunkurun ya riga ya fito daga kwalinsa, ya wuce farantin latas ko kallo, yana dab da ƙofar sito. Can ya tsaya, ya miƙa wuya iya tsawonsa, ya ɗaga kai. Ba gindin ƙofar yake duba ba, inda dabba mai neman hanya za ta duba. Sama kaɗan yake kallo, daidai inda gwiwar mutum za ta kasance in yana zaune a kujera. Ta dubi agogon bango. Bakwai saura ashirin.

Minti shida ko bakwai ya yi a haka, sannan ya juya ya koma kwalinsa. Washegari haka. Kashegarin washegari haka. Sau biyu motar ma'aikata tana wucewa ta bar ta, tana tsaye a bakin korido da waya a hannu, ita da dabba suna jiran abu ɗaya.

Auta ba matsoraciya ba ce. Shekara ashirin da biyar tana bi ta gefen ɗakin ajiye gawa don ta yanke hanya zuwa wurin cin abinci, ko gezau. Amma wannan da hasken safiya ne, rana na shigowa ta labule, butar shayi na huci a kicin, ga dabba tana duban wanda ba ya nan cikin ladabi, kamar mai jiran a sallame shi. Tsigar jikinta takan tashi har ƙeya. Ta fara jin warin man keke a koridon. Ta fara ji a ranta akwai mai zama a bayan ƙofar nan, ya ɗora ƙafa a kan feda, yana jiran waya ta yi ƙara. Wata safiya ma ta rantse ta ji kir-kir ɗin, siriri, sai da ta kasa kunne ta gane firij ne. Tsintsiyarta da abin goge ƙasa duk suna cikin siton. Ta sayo sababbi.

A rana ta tara ta koma wurin likitar. Lambar sikelin ta sauka. Idanun kunkurun sun faɗa ciki, fatar wuyansa ta yi yaushi.

"In bai ci ba zuwa Litinin ki dawo da shi, mu zura masa roba mu ɗura masa," in ji likitar. "Amma gaskiya, Mama, wanda ya ƙi ci da kansa..."

Ba ta ƙarasa ba, ba kuma sai ta ƙarasa ba. A hanyar gida Auta ta ɗora kwalin a cinya, ta ji shi shafal kamar babu komai a ciki, tsoro ya kama ta, irin wanda ya fi na ƙofar sito. Mutumin da bai taɓa roƙonta ko tsinke ba, abu ɗaya tak ya ce a ba ta, ga shi kuwa yana mutuwa a hannunta a bayan kujera.

Ranar Asabar, kwana na goma sha ɗaya, ba ta da aiki. Tana zaune a falo da kofin shayi da ya huce, ta ji ya fito. Yau babu ƙwas-ƙwas, sai jan ciki, ƙoƙonsa yana gogar tayil don ƙafafun sun kasa ɗaga shi. Ya kai tsakiyar korido ya tsaya, ya kwantar da kai a ƙasa. Ta ajiye kofin. Ta ƙirga numfashinta har goma bai motsa ba, ta ce shi ke nan, ta faru. Sai ya ɗaga kan da ƙyar, ya miƙa ƙafa ɗaya, ya ja jiki tsawon yatsa, ya sake miƙa ɗayar.

"Kai wane irin taurin kai ne da kai?" ta ce. "Gadonsa ka yi?"

Ta tsallake shi, ta ciro makulli daga bayan hoton da take ratayewa, sau biyu yana kuɓuce mata kafin ya shiga. Ta tura ƙofar.

Babu kowa, mana. Sai ƙura, da tsofaffin akwatuna, da tsintsiya, da keken a lulluɓe, wanda ta idonta na hagu ya yi mata kama da mutum a sunkuye. Ta riƙe numfashi ta janye bargon.

Ga shi nan baƙi wuluk, zanen zinaren jikinsa ya goge, katakon ya yi santsi inda hannu ya shekara hamsin yana bi. Tana tsaye tana dubansa kunkurun ya iso. Bai yi wata-wata ba, ya nufi ƙafar ƙarfe ta hagu, ya juya a hankali, ya manna gefensa a jikinta. A gefen ƙoƙon bayansa akwai wani wuri mai sheƙi da ta ɗauka halittarsa ce. A ƙafar keken, daidai wannan tsayin, baƙin fenti ya cinye har farin ƙarfe ya fito. Suka zauna da juna kamar tukunya da marfinta.

Ta ruga kicin ta kawo kabeji, ta yaga ta ajiye a gabansa. Bai duba ba. Kansa na sama. Ta jawo wani akwati ta zauna a gaban keken don ƙafafunta sun gaji, sai ta ga yanzu gwiwarta yake kallo.

'Yar tela ce. A ƙarƙashin keken nan ta yi wasan 'yartsana da ƙyallaye, ta iya zura zare tun ba ta iya rubuta sunanta ba. Don haka hannunta da kansa ya tafi inda hannun kowane tela ke fara zuwa, ya shafa don ya ji tsinin allura. Babu allura. Ta sunkuya, ta runtse idon hagu. 'Yar ƙusar da ke riƙe allurar ta yi tsatsa ja, ta gwada murɗa ta da farce, ko motsi. Ramin da allura ke shiga ya toshe da ƙurar da ta daskare. Babu zare a sama. Ta zaro kwarkwaron da ake naɗa zaren ƙasa, wayam, shi ma tsatsa ta ci gefensa. Amma fedar tana sheƙi kamar cokali, igiyar sabuwa ce, kuma kowane ramin mai yana da danshinsa. Keke ne da ake ba mai, ake takawa kullum, wanda ya yi shekaru bai ɗinka ko bakin hankici ba.

Ta ja aljihun keken. Da can almakashi ne a ciki, da alli, da tef, da gwangwanin allurai. Yanzu busassun ɓurɓushin kabeji ne, da ambulan ɗin hotunan jikarta da ta aika masa bara, da wayarsa. A kan koren maɓallin amsa kira an manna ɗan farin botin riga da gam.

Ta daɗe tana shafa botin da babban yatsa. Sannan ta kira mai guga.

"Kawu, ina allurar keken Baba?"

Ta ji an ajiye dutsen guga. Ta ji numfashi.

"Kin buɗe ke nan."

"Na buɗe."

"Ni na cire ta da hannuna, ran da ta huda masa farce ta fito ta ƙasa. Shekara uku ke nan da 'yan watanni. Auta, mahaifinki ba ya gani. Ya fara da hazo-hazo tun kafin zuwanki na ƙarshe, daga baya ya rufe ruf. Ya sa na rantse ba zan faɗa miki ba, ke da yayanki. Na riƙe masa har ƙasa ta rufe shi, amma tunda ƙarfe ya faɗa, ni ban karya alkawari ba."

"Duk unguwa sun sani?"

"Kowa ya sani. Kowa kuma ya ɗauka kin sani. Ba ki ji masu gaisuwa suna ta cewa ya yi haƙuri da jarrabawa ba?"

Ta ji. Ta ɗauka tsufa suke nufi.

"Matata ke kai masa abinci, ni nake masa aski. Kunkurun ma ni na samo masa, wasu masu tashi daga unguwa suka bar shi, na ce ga mai saurare wanda ba ya katse mutum. Da asuba yakan laluba bango ya fito shago, ya zauna, ya ajiye waya a kan keke, kabeji a aljihu. Tana yin ƙara sai ya fara takawa, sai ya ji keken ya ɗau hanya sannan ya danna. Waya a wannan hannu, ganye a wancan. Yana hira da ke yana sakar wa dabbar. To ita dabba me ta sani? In ƙarfe ya yi rawa a jikinta, abinci ya zo. Ni ma in na ba shi a hannu ba ya karɓa."

"Hotunan fa? Ya ce min yarinyar hancina ta ɗauko."

"Ni na duba na gaya masa. Ai gaskiya ne, hancinki ne."

"Me ya sa, Kawu? Me ya sa bai faɗa ba?"

"Ya ce in kin ji za ki watsar da aikinki ki taho, ki cire shi daga shagonsa ki kai shi inda bai san bango ba, ya zauna kamar buhu. Na ce to mu je asibiti. Ya ce asibiti duk na 'yarsa ne, duk wanda ya shiga labari zai kai mata."

"Yaya idon nasa ya yi?"

"Fari fat, duka biyun. Kamar an ɗiga madara."

Ta san sunan abin. Kowace Talata tana ganin masu shi a jere a benci, jikoki sun riƙo musu sanda. Kowace Laraba suna zuwa tagarta karɓar maganin ɗigawa, suna nuna mata kalar rigarta suna dariya kamar yara. Aikin rabin awa.

Ba ta san yadda ta yi sallama da mai guga ba. Kuma ba yanar ce ta fi ƙona mata rai ba. Abin da ya taso mata shi ne ƙarar. Keken da ke cin yadi yana da nauyi a murya. Yakan tsaya a kusurwa a ɗaga ƙafar da ke danne yadi a juya, yakan yi tuntuɓe in ya hau kauri, yakan yi shiru a ji ƙas ɗin almakashi. Ta san wannan kamar yadda ta san tarin mahaifinta. Shekara uku tana jin keke mai gudu sumul, wanda ba ya tsayawa, ba ya juya kwana, ba ya jiran almakashi. Kuma wane tela ne ke ɗinki da waya a hannu? Kunnenta ya sani tun ranar farko. Ita ce ba ta tambaye shi ba, don motar ma'aikata na zuwa, kuma amsar da ta samu ta yi mata daɗi.

Kunkurun yana nan manne da ƙarfe, wuyansa ya fara sauka don gajiya. Lokacin tafiyarsa ya wuce tuni, amma yau ya ga gwiwa, bai tafi ba.

Ta cire silifas. Ta ɗora ƙafar dama a kan fedar, ta ji sanyin ƙarfe, ta ji kwarin da ƙafar wani ta yi a ciki, wanda ya fi tata tsawo. Ta ba ƙaramar tayar hannu ɗan turi, ta taka.

Kir. Kir-kir. Kir-kir-kir-kir.

Siton ya cika da shi. Sai da ta waiga, don ta ji kamar za a ce mata ta matsa daga hasken taga. Babu kowa. Ta ci gaba da takawa, hawaye na sauka a kan katakon da babu yadi. Da hannun hagu ta yagi kabeji ta saki ƙasa ba ta duba ba, kamar yadda mai shi ke yi.

Sai ta ji ƙaras.

Ta leƙa. Kunkurun ya danne ganyen da ƙafar gaba, ya buɗe baki, ɗan harshensa ja-ja ya fito, ya gatsa ya ja. Ƙaras. Ya haɗiye da ƙyar, wuyansa na motsi, ya sake kai baki. Ta saki wani ganyen. Ta yi dariya da majina da komai, ta ce, "Ci, ɗan banza, ci. Ka kusa kashe ni."

A nan wayarta ta yi ƙara a cinyarta. 'Yarta ce, wadda takan kira ta kowace Asabar kafin goyon ya tashi. Auta ta ɗauka da hannun dama, ƙafarta ba ta tsaya ba.

"Umma, ina kwana? Ƙarar me nake ji haka? Kai, keken Kaka ne? Har kin fito da shi? Alhamdu lillahi! Wallahi kwanan nan duk hankalina na kanki, har na ce ko in nemi hutu in zo. Amma tunda har kin samu ƙarfin yin ɗinki da sassafe, ai kin warware. Lafiya dai ko?"

Amsar ta zo bakinta a shirye, da zafinta, kalma bayan kalma, cikin muryar da ba tata ba: to zaman me zan yi, aiki ya yi min yawa. Ta ji yadda take da sauƙi. Ta ji yadda take da daɗi, a ce da ƙafarka kawai ka sauke wa ɗanka kaya daga nisan awa tara. A karo na farko tun da ta ga tsatsar nan ta daina jin haushin tsohon, ta kuma tsorata da hakan.

Ta ɗaga ƙafarta. Tayar ta yi juyi uku da kanta, ta tsaya. A ƙasa kunkurun ya dakata da ganye a baki, ya ɗaga kai.

"Umma? Kina ji na?"

"Ina ji. Babu allura a keken nan."

"Ban gane ba."

"Zan gaya miki duka. Amma ki fara neman hutun nan. Idona na hagu ya kusa rufewa, wata takwas ke nan ina ɓoye miki. Za a yi min aiki ranar Talata in na samu mai riƙe min hannu. Ki zo."

Ta ji 'yar ta ja numfashi irin na mai shirin faɗa da kuka a lokaci ɗaya.

"Tsaya, kada ki kashe, kuma ki yi faɗanki da ƙarfi don in ji," in ji Auta, tana mayar da ƙafa kan fedar. "Zan ci gaba da takawa, akwai mai cin abinci a nan. Amma duk ƙarar da za ki ji, ki sani ba abin da nake ɗinkawa."